Yoga da raunin guringuntsin gwiwa: inda take taimako da inda take ƙara ɓarna

A shekarar 1743 wani masanin sassan jiki ɗan ƙasar Sukotilan mai suna William Hunter ya rubuta cewa guringuntsin gaɓa idan ya lalace ba ya komawa yadda yake. Yau shekara 280 da ɗoriya ke nan, an ƙera na'urorin ɗaukar hoto, an fito da dabarun tiyata kala-kala, amma har yanzu maganarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. Don haka duk wanda ya ci karo da bidiyo a intanet ana yi masa alƙawarin cewa wasu salon yoga, wato atisayen miƙa jiki da sarrafa numfashi mai asali daga Indiya, za su tsirar masa da sabon guringuntsi cikin wata guda, ya sani romon baka ne. Babu binciken da ya nuna haka. Sai dai abin da ya dami mai ciwon gwiwa a zahiri shi ne ya hau matakala ba tare da cije leɓe ba, ya tashi daga kujera bai dafa komai ba, ya kwana zugi bai tashe shi ba. A wannan fage yoga tana da abin cewa, muddin mutum ya san irin raunin da yake ɗauke da shi da irin nauyin da yake ɗora wa gaɓar.

Guringuntsi iri biyu ne a cikin gwiwa, kuma halinsu ya sha bamban. Na farko shi ne fari mai santsi da ya lulluɓe ƙarshen ƙashin cinya, da saman ƙashin ƙwauri, da bayan ƙoƙon gwiwa. Kaurinsa a yawancin wurare milimita 2 zuwa 4 ne kacal, sai a bayan ƙoƙon gwiwa inda ya fi ko'ina kauri a jikin ɗan Adam. Kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari nasa ruwa ne. Ba shi da jijiyar jini, ba shi kuma da jijiyar da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin halittar da ke kula da shi 'yan kaɗan ne, kowace a kulle a ɗan gurbinta, ba ta iya tashi ta je inda aka samu rauni. Idan fata ta yanke, jini ne ke kawo kayan gyara. A nan kuwa babu hanyar da za su biyo.

Na biyu shi ne meniskus: faifai biyu masu tauri da siffar jinjirin wata, ɗaya ta ɓangaren ciki ɗaya ta waje, zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri suna rarraba nauyi don kada ya taru wuri guda. Gefensa na waje, abin da bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba, yana samun jini, saboda haka yagewar da ta faru a wurin tana iya haɗewa ko a ɗinke ta. Can ciki kuwa babu jini, yagewa ba ta cika warkewa da kanta ba. Meniskus na ɓangaren ciki ya fi mannewa da abin da ke kewaye da shi, ba ya iya gocewa idan an matse shi, shi ya sa ya fi na waje yawan yagewa. A da, likitoci kan cire shi ɗungurungum idan ya yage, amma wani likitan tiyata a Ingila, Fairbank, ya nuna a 1948 cewa gwiwar da aka cire wa shi takan fara lalacewa bayan shekaru.

To abin da ba ya samun jini, da me yake rayuwa? Da ruwan da ke cikin gaɓar. Guringuntsi kamar soso yake: idan ka taka ƙafa nauyi ya matse shi ruwa ya fita, idan ka ɗaga ya sake tsotsowa tare da abin da yake buƙata. Matsewa da sakewa su ne cinsa da shansa. An ga cewa mutanen da ƙafafunsu suka shanye sakamakon raunin laka, guringuntsin gwiwarsu yana siraracewa duk da babu abin da ya buge shi, illa dai an daina taka shi. Robert Salter, wani likitan ƙashi a Toronto ta ƙasar Kanada, ya gwada a jikin zomaye tun shekarun 1970 ya ga gaɓar da ake motsawa a hankali ba tsayawa ta fi wadda aka ɗaure samun gyara. A 2005 kuma masu bincike a Suwidin sun sa mutanen da aka taɓa yanke wa wani ɓangare na meniskus motsa jiki na wata huɗu, hoton MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ya nuna ingancin farin guringuntsin da ya rage musu ya ƙaru. Ingancin wanda ya rage, a lura, ba tsirowar wanda ya tafi ba. Shawarar nan ta a zauna wuri ɗaya a lallaɓa gwiwa tana da amfani na 'yan kwanakin farko bayan rauni. Idan ta zama ta watanni, cutarwa ce.

Akwai wani abu da ke ɗaure wa mutane kai. Tunda farin guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi, ciwon ba daga shi kansa yake fitowa ba. Yana fitowa ne daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa, da fatar da ta lulluɓe gaɓar ta ciki idan ta kumbura, da jijiyoyi da kitsen da ke kewaye. Wannan ne ya sa hoto da ciwo ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. A 2008 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a garin Framingham na Amurka, inda aka ɗauki hoton MRI na gwiwar mutum 991 'yan shekara 50 zuwa 90 ba tare da la'akari da ko suna ciwo ba. Cikin waɗanda aka samu da yagewar meniskus, kashi 61 cikin ɗari ba su ji wani ciwo ko ƙagewa ba a watan da ya gabata. Wato mutum na iya yawo da yagaggen meniskus shekara da shekaru bai sani ba. Haka kuma ciwo na iya lafawa ƙwarai alhali hoton bai canza ko kaɗan ba, kuma ta wannan ƙofa motsa jiki ke shigowa.

Likitocin Finlan sun yi wani gwaji mai ban mamaki da aka buga a 2013. Sun ɗauki mutum 146 'yan shekara 35 zuwa 65 masu yagewar meniskus irin ta tsufan gaɓa, suka kasa su biyu. Kashi ɗaya aka yi musu tiyatar gaske aka yanke inda ya yage. Ɗaya kashin an shiga da su ɗakin tiyata, an zura kyamara, an kwaikwayi motsi da ƙarar aikin, amma ba a yanke komai ba. Bayan shekara guda duka biyun sun samu sauƙi, kuma babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu. A Norway, a 2016, an gwada tiyata da motsa jiki na mako 12 a kan mutum 140; bayan shekara biyu sakamakon ya zo kusan ɗaya, masu motsa jikin ma sun fi ƙarfin cinya a watannin farko. Kusan ɗaya cikin biyar na masu motsa jikin sun koma an yi musu tiyata daga baya, wannan ma gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Kuma duk wannan magana a kan masu matsakaicin shekaru ce da meniskus ɗinsu ya yage sannu a hankali. Matashin da gwiwarsa ta murɗe a filin ƙwallo ya ji ƙara nan take, lissafinsa daban ne.

Yanzu yoga ita kanta. Kusan duk binciken kirki da aka yi a kanta game da gwiwa, a kan masu amosanin gaɓa ne, wato waɗanda guringuntsinsu ya cinye da tafiyar shekaru. Masu sabon rauni aron sakamakon suke yi. A 2022 masu bincike a jami'ar Melbourne ta Ostireliya sun buga gwajin da suka yi da mutum 212: rabi an ba su darussan yoga ta intanet na minti 30, sau uku a mako, har mako 12, rabi kuma bayanin cutar kawai aka ba su. Masu yoga sun fi samun sauƙin gudanar da harkokin yau da kullum, amma ciwon da suke ji in suna tafiya bai ragu fiye da na sauran ba. Da aka sake dubawa a mako na 24, bambancin ya ɓace, domin da yawa sun yi watsi da atisayen. A 2025 wani gwajin a tsibirin Tasmaniya da mutum 117 ya kwatanta yoga da atisayen ƙarfafa tsoka da aka saba bayarwa, aka samu yoga ba ta gaza ba wajen rage ciwo. Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2019, ta amince da yoga ga masu amosanin gwiwa amma da sharaɗi, yayin da ta ba motsa jiki gaba ɗaya da rage ƙiba da tai chi, atisayen Sinawa na motsi a hankali, goyon baya mai ƙarfi. A takardar dai ta ce kada a dogara da ƙwayoyin gulukosamin da ake ta tallatawa a matsayin maganin ciwon gaɓɓai.

Ni abin da na fahimta daga waɗannan shi ne yoga tana aiki ne gwargwadon yadda ta zama motsa jiki mai ƙarfafa tsoka. Babu wani sirri da ya wuce wannan. Fifikonta guda, wanda bai kamata a raina ba, shi ne ana yin ta a hankali, ana tsayawa a kowane matsayi ana numfashi, sai mutum ya samu damar jin abin da gwiwarsa ke faɗa masa kafin ya wuce gona da iri. Wanda ya daɗe yana tsoron taka ƙafarsa, yana ɗingishi ko da ciwon ya lafa, wannan natsuwar tana kwance masa tsoro. Asalin yoga a Indiya haɗe yake da ibada da falsafar mutanen can, amma abin da aka gwada a waɗannan bincike tsayuwa ce da miƙa jiki da sarrafa numfashi da sakin jiki, kuma a kan wannan ake magana a nan.

Tsokar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta gaban cinya. Ita ce ke tare nauyi duk lokacin da diddige ya taɓa ƙasa, ita ce ke riƙe mutum idan yana saukowa daga matakala. Matsalar ita ce kumburi yana kashe mata ƙarfi kai tsaye: ruwa kaɗan ya taru a gwiwa, sai jiki ya rage saƙon da yake aika wa tsokar, cikin 'yan makonni ka ga cinya ɗaya ta rame ta bar ɗaya. Cinya ta raunana, gaɓa ta ƙara shan duka, ta ƙara kumbura, haka abin ke ta zagayawa. Matakin farko na katse wannan zagaye ba ya ma kama da yoga a ido. Mutum ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa, ya naɗe ƙaramin tawul ya sa a ƙarƙashin gwiwa, ya ja yatsun ƙafa zuwa wajensa, sannan ya danna bayan gwiwar kan tawul ɗin. Idan ya ɗora yatsunsa ɗan sama da ƙoƙon gwiwa ta ɓangaren ciki, zai ji tsokar ta taurare, ƙoƙon ya ɗan zame sama, diddige yana neman ɗagowa. Ya riƙe daƙiƙa biyar zuwa goma yana numfashi, ya saki, ya maimaita. A ƙafar da ke da rauni sau da yawa tsokar rawa take yi ko ta ƙi amsawa a kwanakin farko. Wannan rawar ita ce ma'aunin aikin da ke gaba.

Daga nan ake hawa. Akwai salon da ake kira Setu Bandha, inda ake kwanciya rigingine, a kafa tafin ƙafafu a ƙasa, a ɗaga ƙugu sama; yana gina tsokar ɗuwawu da bayan cinya ba tare da matse gwiwa ba. Akwai Supta Padangusthasana, kwanciya a rataya bel a tafin ƙafa a ɗaga ta a miƙe. Akwai Utkatasana, wadda ake yi kamar za a zauna kan kujerar da babu ita. Ga mai rauni, a jingina baya da bango a sauka kaɗan kawai, nesa da inda cinya za ta kwanta daidai da ƙasa. Tsayuwa da ƙafa ɗaya, Vrksasana, tana koya wa gaɓa sanin inda take, abin da rauni ke ragewa, amma a yi ta kusa da bango, kuma kada a kafa tafin ɗaya ƙafar a gefen gwiwa yana tura ta. Ko sama ko ƙasa da ita. A duk tsayuwar da ake lanƙwasa ƙafar gaba, irin su Virabhadrasana, ƙoƙon gwiwa ya fuskanci inda yatsan ƙafa na biyu ke kallo. Idan ya faɗa ciki, alama ce tsokar gefen ƙugu ba ta riƙe ba, sai a rage zurfin.

Abin takaicin shi ne salon da suka fi shahara, waɗanda ake ɗaukar hoto da su, su ne suka fi haɗari ga wannan rauni. Padmasana, zaman harɗe da ake ɗora kowace ƙafa a kan cinyar ɗaya, ita ce kan gaba. Zaman yana buƙatar ƙashin cinya ya juya sosai a mahaɗar ƙugu, wadda aka halitta don juyawa ta kowace fuska. Gwiwa kuwa aikinta lanƙwashewa da miƙewa, juyawarta kaɗan ce. Idan ƙugu ya juya iya ƙarfinsa ya tsaya, mutum kuma ya kama tafin ƙafa da hannu ya ci gaba da jawo shi sama, ragowar juyawar a gwiwa za ta fito. Ƙashin ƙwauri ya karkata, ɓangaren ciki na gaɓar ya rufe, ƙasusuwan biyu su datse meniskus na ciki, wanda dama ba ya iya gudu. Idan aka zo aka danna gwiwar ƙasa da hannu don ta taɓa tabarma, to an gama. Iyakar juyawar ƙugu kuma ba duka ta tsoka ba ce. Wani sashe siffar ƙashi ce da aka haifi mutum da ita, naci ba ya canza ta. Salon tattabara, inda ake kwantar da ƙafar gaba a lanƙwashe a zuba mata nauyin jiki, irin wannan matsalar gare shi.

Sai masu naɗe gwiwa har ƙarshe: Virasana, zama tsakanin dugadugai, da Malasana, cikakken tsuguno, har da Balasana, durƙuso a zauna kan dugadugai a kifa goshi ƙasa, da ake ɗauka a matsayin hutu. Idan gwiwa ta naɗe gaba ɗaya, meniskus yana zamewa baya ƙashi ya matse ƙarshensa na baya, kuma a daidai wurin ne yawancin yagewa ke faruwa. Wanda rauninsa ke bayan ƙoƙon gwiwa shi ma tsuguno ne abokin gabarsa: a tafiya a fili ƙoƙon yana ɗaukar kusan rabin nauyin jiki, a matakala ninki uku ko fiye, a tsuguno mai zurfi yana iya kaiwa ninki bakwai. A ɗaya gefen, masu sakakkun gaɓɓai sukan tura gwiwa baya ta wuce miƙewa a salon tsaye irin su Trikonasana, su rataya a kan jijiyoyi maimakon tsoka ta riƙe su. Ɗan sassauta gwiwar kaɗan yana maganin wannan.

Ba wai an haramta waɗannan har abada ba ne ga kowa. B.K.S. Iyengar, malamin yoga na birnin Pune a Indiya wanda ya rasu a 2014, shi ya yi fice wajen amfani da tubalin katako da bel da kujera da bargo don a kawo salon inda jiki yake. A zauna kan tubali ko matashi mai tudu a Virasana, a cusa naɗaɗɗen tawul a bayan gwiwa don ya hana ta rufewa ruf, a yi salon tattabara a kwance rigingine inda babu nauyi. Wasu bayan watanni sukan koma zurfin da suka saba. Wasu ba sa komawa, kuma babu abin da suka rasa ta fuskar lafiyar gwiwa.

Yaya mutum zai san ya yi daidai ko ya zarce? Likitocin fisiyo, masu gyaran gaɓɓai ta hanyar motsa jiki, suna da ma'auni mai sauƙi: a auna ciwo daga 0 zuwa 10. Har zuwa 2 babu damuwa, har zuwa 5 ana iya jurewa, da sharaɗin washegari gwiwa ta koma yadda take kafin atisayen. Idan ta kwana ta tashi a kumbure ko ciwon ya zarce awa 24, nauyin ya yi yawa, a rage zurfi ko yawan maimaitawa, ba a daina gaba ɗaya ba. Wurin ciwon ma yana magana. Jan da ake ji a tsakiyar tsokar cinya, ko tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu, abin da ake tsammani ne. Suka mai tsini a layin da ƙasusuwan suka haɗu, musamman ta ciki ko ta baya, umarni ne na a fita daga salon nan take, komai abin da malami ke cewa game da haƙuri da numfashi. Ƙarar ƙas-ƙas da ba ta zo da ciwo ko kumburi ba yawanci ba abin tada hankali ba ce.

Mai ƙiba ya haɗa da rage nauyi, domin wani bincike na 2005 ya nuna kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Yoga mai laushi ita kaɗai ba ta cika yin wannan aikin ba.

Wanda aka yi wa tiyata, dokar likitansa ce gaba da komai. Idan ɗinke meniskus aka yi, akan hana tsuguno mai zurfi da murɗa gwiwa na watanni. Idan huda ƙashi aka yi don jini ya fito ya cike gurbin farin guringuntsi, akan hana taka ƙafar da cikakken nauyi na makonni, kuma abin da ke cike gurbin tabo ne mai kama da guringuntsi, bai kai na asali ƙwari ba. Malamin yoga da yawa horon awa 200 ne iyakar abin da ya samu, bai ga hoton gwiwar ba, bai san abin da aka ɗinke ba. Ya kamata likitan fisiyo ya fara zana iyaka, kusurwa nawa aka yarda a lanƙwasa da nauyin da aka yarda a ɗora, sannan malami ya zaɓi salo a cikin iyakar.

Akwai kuma gwiwar da ba ta da abin yi a kan tabarma tukuna. Wadda ta kumbura suntum cikin awa ɗaya ko biyu bayan rauni, jini ne ya taru a ciki, sau da yawa jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke ko ƙashi ya tsage. Wadda ta yi zafi rau, ta yi ja, ga zazzaɓi, ana tsoron ƙwayar cuta ta shiga gaɓar, kuma wannan tana cinye guringuntsi cikin kwanaki. Asibiti za a nufa a ranar. Haka wadda ke sakin mutum ya nemi faɗuwa, ko wadda ba ta iya ɗaukar nauyi ko na taku huɗu. Sai wadda ta maƙale ta ƙi miƙewa, kamar an sa wani abu a tsakani. Sau da yawa yankin meniskus ne ya yage ya naɗo ya shiga tsakiyar gaɓar. Ƙoƙarin miƙe ta da ƙarfi yana ƙara yaga shi yana kuma goge farin guringuntsin da ke kusa, kuma yawan jinkiri yana rage damar a mayar da shi wurinsa a ɗinke maimakon a yanke shi.